Dubiyar Ya Fanna a Shekarar Korona

Bazara ce, irin wadda ruwan randa yake ɗumi tun kafin hantsi, kuma azumi ya riske mu cikin kulle. Tun da nake zaune a Gyadi-Gyadi ban taɓa jin titin Zariya ya yi shiru haka ba. Babu ƙarar A Daidaita Sahu, babu kiran mai kayan miya, ladan ya kira salla sannan ya ce kowa ya yi a gidansa. Abin da ke wucewa motar asibiti ce, sai kuma makara. Garin ya koma kamar gidan da ake jinya a cikinsa, kowa na tafiya a hankali, kowa na magana ƙasa-ƙasa, ba mai son faɗin abin da idonsa yake gani.

Ina rubuta wannan ne saboda ku 'yan matan da ake turo mana koyon aikin shiga gida-gida. Ina jin ku a barandar asibitin unguwa kuna cewa ai aikin ba shi da wuya, a yi sallama, a ɗiga wa yaro maganin riga-kafi, a shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, a danna waya, a wuce. Ba na jin haushinku, don ni ma haka na zata lokacin da na fara. Na fito daga ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana, na iya rubuta sunana da lambobi, aka ce ana neman matan aure da za su riƙa shiga gidaje. Na ɗauka rubutun ne aikin.

Gidan farko da na shiga a Ƙauyen Alu yake. An haɗa ni da Iya Kande, tsohuwar ungozoma, wadda rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo. Muna shiga na buɗe baki daga tsaye na tambayi matar gidan yaranta nawa. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce yara ai na Allah ne. Da na matsa ta kira mini sunayen ƙananan, ta tsallake na fari, don ba za ta kama sunan ɗan fari a bakinta ba, balle a gaban baƙuwa. Iya Kande kuwa ta tuɓe takalmi, ta zauna a kan tabarma, ta karɓi ruwan da aka miƙo ta sha, ta yaba wa akuyar gidan, ta tambayi yadda aka ji da haƙorin jaririya. Idonta kuwa yana kan igiyar shanya. Da muka fito ta gaya mini yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka ɓoye a ɗaki don kada a ɗiga masa magani, ta gane shi ne saboda wandonsa na kan igiya bai bushe ba. Ta ce da ni, "Hajara, ba a tambayar gida daga tsaye." Shekarun da na yi a bayanta, wannan maganar ce nake ta koya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai akwatin sanyi da ake saka maganin, wanda ba a ajiye shi a rana ko da za a shiga salla ne. Akwai tawadar yatsa. Akwai hijabin aiki, wanda da an hango shi daga bakin layi an san ko su wane ne. Sai alli, na yin shaida a bangon gidan da aka shiga. Iya Kande ta koya mini a yi shaidar can sama, inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma kada a yi ta a kan sabon fenti, don maigida zai goge ya haɗa da zagi. Waya daga baya ta zo, kuma ban raina ta ba, tana rage wahala. Amma waya abin da aka gaya mata take riƙewa. Ba ta ganin igiyar shanya.

Mun sha kora. Akwai gidan da aka watsa mana ruwan wanki, akwai malamin da ya ce mu ne masu hana haihuwa, alhali ni a lokacin da ciki nake, ina ja da ƙyar. Duk waɗannan suna wucewa. Ka koma gobe, ka koma jibi, ka je sunan gidan, ka je ta'aziyyarsu, wata rana matar ce za ta aiko a kira ka. Iya Kande ta rasu kafin korona, ta bar mini unguwanninta na Tarauni, har da Babban Giji.

Da annobar ta zo aka dakatar da riga-kafi, aka ba mu takunkumi da ruwan wanke hannu, aka ce mu riƙa zagayawa muna tambaya ko akwai mai tari, ko mai zazzaɓi, ko wanda numfashi ke yi masa wuya. Abin da muka samo mu kai wa Sista Rabi, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mu a asibitin unguwa, ita kuma ta kira masu gwaji. An hana mu zama, an hana mu shan ruwan gidan mutane, an ce mu tsaya daga soro mu yi tambaya. Umarnin yana da dalili, don a kare mu ne. To amma kun ga an mai da mu masu tambaya daga tsaye.

Kullum da safe rediyo na faɗin adadin waɗanda suka kamu a kowace jiha, da waɗanda aka sallama, da waɗanda suka rasu. Ni kuma na ɗauki wata ɗabi'a, da an faɗi na Kano sai in rubuta shi da alli a bangon madafa, na yau a ƙarƙashin na jiya. Ban san me ya sa ba, wataƙila don hannuna ya saba da alli ne. Malam, maigidana, direban A Daidaita Sahu ne, kulle ya zaunar da shi, ba shi da aiki sai riƙon rediyo da tsokanata. Ya sa mini suna Hajiya Mai Ƙidaya. A wurinsa duk lissafin ƙari ne, wai wani ne ke zaune a ofis cikin sanyi yana faɗin abin da ya zo bakinsa. Yakan ce shi dai a nuna masa mai korona guda ɗaya da ya sani da ido, ranar zai yarda.

Ni ma ban yarda da adadin ba, amma ta ɗaya gefen. Malam yana ganin ya yi yawa, ni ina ganin ya yi kaɗan. Akwai ranakun da ba a faɗi komai game da Kano ba, har mutane suka fara murna, sai daga baya muka ji ashe gwajin ne ba a yi ba. A ranakun nan kuwa makara ba ta daina wucewa ba, yawanci dattawa. Ko korona ce ta ɗauke su, ko hawan jini da ciwon suga ne da suka rasa likita saboda kulle, ban sani ba, kuma har yau ba zan ce na sani ba. Abin da na sani shi ne yadda ake haɗa adadin, don ta hannun irina yake farawa. Ni ce nake tsayawa a soro in ce, "Akwai marar lafiya?" a ce mini lafiya lau. In kuma na riga na ji labarin akwai mai jinya, in ce ya mai jiki, a ce da sauƙi. Wace Bahaushiya ce za ta tsaya a ƙofar gida ta ce wa baƙuwa jikin uwar mijinta ya yi tsanani? Mu ko mutum na kan gargara da sauƙi muke cewa, don godiya ga Allah da kuma fata. Ga tsoro a kai. Ana ta yaɗa cewa duk wanda aka ɗauka ba ya dawowa, kuma in ya mutu ba za a ba da gawarsa ba, ba wanka, ba salla. Sai in koma wa Sista Rabi da lafiya lau cike da jaka, ita ta tura gaba, washegari rediyo ya dawo mini da ita, in rubuta a bango.

Na gaya wa Sista Rabi haka wata rana, tana zaune ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce ai su ma sun sani. Ta ce adadin ba ƙarya ba ne, na waɗanda aka gwada ne kawai, wanda bai zo ba kuwa ba ta da yadda za ta ƙirga shi. Ta ce abin da ke ci mata rai shi ne masu zuwa a ƙurarren lokaci, a kawo tsoho a bayan mota numfashi saura kaɗan, alhali da an kawo shi tun farko da an sa masa iska ya tashi. "Maman Halima," in ji ta, "ki samo mini su da sauran ƙarfinsu. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Gidan Ya Fanna a Babban Giji yake, a wani lungu da ba ka buƙatar kwatance, hanci ne ke kai ka. Babarbariya ce, ta zo Kano tun tana amarya, kuma turaren wuta da humra take haɗawa. Amaren Tarauni kaɗan ne ba su shiga ɗakin miji da ƙanshinta ba, har Halimata. Tsohuwa ce mai baki, ga ciwon suga ya daɗe a jikinta. In na shiga gidan takan shinshina hijabina ta ce wane maƙiyina ne ya sayar mini da wannan turaren. Tana zaune da ɗanta Bukar, ɗan kasuwa, da matarsa Zulai.

Na je gidan a zagayen farko, Zulai ta tare ni a soro ta ce lafiya lau, Ya tana barci. Na wuce. Na sake komawa, aka ce tana salla. Ranar da na koma na uku da azahar ce, rana na dukan ƙeya, sai na lura da abu biyu. Lungun ba ya ƙanshi. A watan azumi kuwa, lokacin da kowace mace ke neman turaren salla, bai kamata kaskon Ya Fanna ya huta ba. Na biyu, hayaƙi na tashi daga madafar gidan, da ƙanshin kunun tsamiya. Azahar ta yi wuri ga kunun buɗa-baki, kuma gidan babu ƙaramin yaro, babu mai jego. Kunun rana tsaka a watan azumi na wanda aka sauke wa azumi ne. Ya Fanna kuwa ko likita ya sha faɗa da ita a kan ta riƙa ajiyewa saboda suga, ta ƙi. In har ta sha kunu da rana, to abin ya kai.

Na yi sallama. Zulai ta fito, idonta ja. Na ce ya mai jiki. Ta ga na riga na sani, ta ce da sauƙi. Daga ciki kuwa ina jin tari, busasshe, irin wanda ba ya ƙarewa sai ya ƙwace numfashi. Bukar ya fito ya tsaya a bayanta. Ya gaishe ni da ladabi, don ya san ni tun yana saurayi, sannan ya ce zazzaɓin bazara ne, sun sayo magani a kemis. Ya dubi hijabin aikina ya ce, "Baba Hajara, ki yi haƙuri. Ba za a zo ƙofar gidan nan da mota da mutane masu fararen kaya a ɗauki uwata kamar ɓarauniya ba." Ban yi musu da shi ba. Na ce Allah ya ba ta lafiya, na juya.

A hanya na yi ta tunanin abin da Iya Kande za ta yi. Ma'aikaciya ana iya tsayar da ita a soro. Amma mai dubiya ba a tsayar da ita. Duk gidan da ya hana maƙwabciya ganin marar lafiya, ya jawo wa kansa maganar da ta fi ta korona daɗewa. Na koma gida na cire hijabin aiki, na sa nawa na zuwa biki. Na ɗauki lemo da kankana da Malam ya samo mana ranar sassaucin kulle, na zuba a kwano. Malam ya ce wato buɗa-bakinsa ne zai tafi Babban Giji. Na ce ladan ai nasa ne. Ya ce ya ji, amma lada ba ya jiƙa maƙogwaro.

Na biya ta asibitin unguwa na gaya wa Sista Rabi. Na ce zan shiga, kuma ina so ta biyo ni, amma ba da rigar aiki ba, ba da mota ba. Ta ce abin da nake nema ya saɓa yadda aka tsara musu. Sannan ta ba ni takunkumi mai kauri da safar hannu, ta ce kada in wuce bakin ƙofar ɗaki, a buɗe taga, kada in taɓa komai. Ta ce za ta zo bayan la'asar. Kada ku ɗauka don na cire hijabi na cire hankali. Duk abin da ta ce na kiyaye shi.

Da Bukar ya gan ni da kwano a hannu ya gane abin da na yi. Na ce dubiya na zo, ba aiki ba, ko za a kore ni? Ya sunkuyar da kai ya matsa.

Ya Fanna na kishingiɗe an tara mata filo, ta rame, tana jan numfashi da baki. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno daga bakin ƙofa. Muka gaisa, na ce ya jiki, ta ce da sauƙi, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ban tambaye ta tari ba, ban tambaye ta zazzaɓi ba. Na yi mata hirar Halima da ke da tsohon ciki, na ce tana son turaren jego, ba kuma za ta karɓi na kowa ba. Sai tsohuwar ta ce da Zulai ta miƙo mata wata kwalba daga kan kantar ɗakin. Ta buɗe, ta kai hanci, ta daɗe, ta rufe. Ta ce humrar nan da hannunta ta haɗa ta, ta san abin da ke ciki, farce da gajiji da sandal, amma yau kwana da kwanaki kamar ruwan famfo take shinshina. Ta ce ta ɗora turare a wuta ya ƙone ƙurmus tana zaune a gabansa ba ta ji ba, sai da Zulai ta taho da gudu. Shi ya sa ta kife kaskon.

Na gaya mata gaskiya. Na ce ɗaukewar jin ƙanshi tana cikin alamomin da aka koya mana, kuma masu suga ne cutar ta fi yi wa illa. Na ce akwai wata ƙawata da za ta zo dubiya, ma'aikaciyar jinya ce, ba zan ɓoye ba. Bukar daga tsakar gida ya fara magana, uwar ta ɗaga masa hannu.

Sista Rabi ta zo a ƙafa, da mayafinta, kamar mai zuwa barka. Ta durƙusa daga nesa ta gaida tsohuwar, ta kira ta Inna. Ta sa safar hannu ta maƙala mata wata 'yar na'ura a yatsa, mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta duba, ta kira Bukar ta nuna masa, ta yi masa bayani a hankali cewa iskar ta yi ƙasa, kuma wannan ba abin da maganin kemis zai gyara ba ne. Ta ce yau akwai sauran ƙarfi, jibi ba ta sani ba. Bukar ya ce in ta mutu a can fa? Ya ce ya ji ana binne mutane kamar kaya. Sista ta ce ita Musulma ce, likitocin da ke wurin yawancinsu Musulmi ne, ana yi wa mamaci sutura da salla, sai dai da kiyayewa, kuma ba taro. Ta ce ba za ta rantse masa cewa uwarsa za ta dawo ba, rai na Allah ne.

Ya Fanna ce ta yanke maganar. Ta juyo gare ni ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, "Hajara, in na mutu a can, ke za ki tsaya a sa mini turarena a likkafani. Kada a sa mini na kanti."

Na ce, "Ya, ba zan yi miki alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma zan kai kwalbar har ƙofa, in zauna, ba zan tashi ba sai an karɓa. Kuma kullum abincinki daga hannun Zulai zai fito, ni zan kai."

Ta dubi ɗanta ta ce, "To ka ji. Ni ba zan zauna a ɗaki hancina a mace ina jiran sauran jikin ba. Ɗauko mini mayafi."

Sista ta kira masu ɗauka ta roƙe su su tsaya a bakin titi, kada su kunna jiniya. Bukar ne ya goyi uwarsa a baya tun daga lungu har mota, ana dab da shan ruwa, lokacin da kowa ke cikin gida yana jiran kiran salla. Ba wanda ya taru. Aka gwada ta, aka gwada Bukar da Zulai, aka ce su killace kansu a gida. Ni ma aka ce in zauna nesa da mutanen gidana har a ga yadda jikina zai yi. Allah ya kiyaye ni.

Da sakamako ya fito korona ce. Washegari rediyo ya faɗi adadin Kano, na rubuta a bango kamar kullum, sannan na ɗiga alli a gefensa. Malam, daga can ƙofar ɗakinsa inda yake gudun kusantata, ya ce wannan ɗigon fa? Na ce Ya Fanna ce. Na ce ka ce a nuna maka mutum ɗaya da ka sani, ga ta nan, ita ta turara maka ɗakin 'yarka. Ya rage muryar rediyo. Da yamma na ga ya ɗaure ƙyalle a hanci zai leƙa waje.

Alƙawarin abinci kuwa sai da ya zo da gyara. Zulai na killace, ni ma haka, don haka maƙwabciyarsu ce ta fara dafawa, ɗan'uwan Bukar yana kaiwa. Da aka sake mu Zulai ta karɓi girki, ni na karɓi kaiwa. Ba a barin mu shiga wurin da aka kwantar da masu cutar, a bakin ƙofa ake ajiyewa da suna a jikin kwano. Kwalbar humrar, wadda aka bar mini amana ranar da aka tafi da Ya, tana cikin jakata duk zuwan da na yi, ban taɓa fito da ita ba. Labari ta bakin Sista Rabi nake samu. An sa mata iska, suga ya hau ya sauka, akwai ranar da Sista ta ce mu dage da addu'a, ba ta ƙara komai ba. Na kira Bukar na ce masa da sauƙi. Kun ga ni ma bakina bai fi na kowa ba. Muka yi ƙaramar salla babu hawa, babu yawon salla, kowa a tsakar gidansa. Ruwan farko ya sauka, gari ya ɗan yi sanyi. Sai wata rana kwano ya dawo da saƙo a bakin mai gadi, wai tsohuwar ta ce a gaya wa mai miyar nan daddawarta ta yi yawa, tun daga ƙofa take jin ta. Na tsaya a wurin na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na kira Zulai, muna dariya muna hamdala har kuɗin wayata ya ƙare.

Ranar da aka sallame ta kulle ya yi sauƙi, Malam da kansa ya wanke A Daidaita Sahunsa ya ce shi zai ɗauko ta. Wannan karon da rana tsaka aka shigo lungun, kuma Bukar bai ɓoye komai ba. Mata na leƙe ta kan katanga, yara na bin keken. Ta sauko da ƙafarta, tana dafa ɗanta. Na miƙa mata kwalbarta na ce ga amanarki, ba a yi amfani da ita ba. Ta buɗe ta shinshina, ta lumshe ido, sannan ta kamo gefen hijabina ta kai hanci ta ce, "Har yanzu wannan maƙiyin naki bai daina sayar miki da turare ba?" Duk lungun aka sa dariya. Ta sa Zulai ta hura garwashi a take, ta ce a ba ta hijabin aikina. Na ciro shi daga jaka, ta kifa shi a kan kasko da hannunta, ta turara shi har sai da hayaƙi ya fito ta wuyansa.

Mutane sun ga wadda aka ɗauka ta dawo, kuma ta dawo da bakinta. A makonnin da suka biyo adadin unguwanninmu ya ɗan hau, don an fara yarda a gwada. Malam yakan ce ni kaɗai ce ya sani mai murna in lissafin cuta ya ƙaru. Nakan ce masa waɗannan da ma suna nan, a ɗaki suke, yanzu ne aka gan su. Har annobar ta lafa ban ɗauki adadin rediyo a matsayin cikakke ba, kuma ban sake cewa wofi ne ba, don akwai ɗigo-ɗigon da na san sunayensu a gefensa. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

To ku da za ku karɓe mu, ku riƙe wayoyinku da kyau, ku cika abin da aka ce ku cika. Amma in an ce muku lafiya lau, ku amsa da madalla, sannan ku dubi igiyar shanya, ku dubi madafa, ku ja numfashi ku ji abin da lungun ya saba yi wanda yau bai yi ba. In an tsayar da ku a soro kada ku yi faɗa. Ku koma gida ku canza mayafi.

A ranar dawowar Ya Fanna, ina shirin tafiya, wata mata daga gidan da ke kallon nasu ta biyo ni har bakin lungu. Sau da yawa na tsaya a soronta ta ce mini lafiya lau. Ta gaishe ni, ta yi ta murza bakin zaninta, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, Baban su yara ne, tun shekaranjiya ba ya iya kwanciya sai a zaune. Na ce ya jikin nasa. Ta buɗe baki za ta ce da sauƙi, sai ta fasa, ta girgiza kai. Na kira Sista Rabi a wurin, ta zo ta duba shi kafin magariba, aka tafi da shi da sauran ƙarfinsa.

Washegari da safe na saurari rediyo, na rubuta adadin waɗanda aka sallama, na ɗiga alli a gefensa. Na sa hijabin aikina, yana ta ƙanshin sandal, na jefa guntun allin a jaka, na ɗauki kwano na nufi Babban Giji karɓar abincin maigidan nan.